Rediyon Gwamnati a Gusau: Abin da Kunnen Tela Ya Jiyo

Shagona na ɗinki yana Tudun Wada, a Gusau. Kekuna huɗu, teburin yanka, dutsen guga na gawayi, sai akwatin rediyo da ke rataye a ƙusa saman taga. Duk abin da ke shagon nan yana samun hutu, ban da wannan akwati. Shi nake fara murɗawa da safe tun kafin yara su share ƙyallaye, shi ne kuma ƙarshen abin da nake kashewa in za mu tashi. Sana'armu ta hannu ce da ido, kunne a sake yake, shi ya sa da wuya ka sami mai sauraron rediyo kamar tela, sai fa direba da mai shayi. Na haura shekara ashirin a haka, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina kan gidajen rediyon gwamnati da ke yi wa garin nan hidima: na jiha, wato Rediyon Zamfara, da na tarayya, wato Pride FM, ɗaya daga cikin tashoshin FM na Rediyon Najeriya.

Da rediyo na tashi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani babban akwati mai cin batir huɗu, wanda ba yaron da ya isa ya taɓa shi. A wurinsa rediyo biyu ne a duniya: Kaduna da Landan. Gidan rediyon Kaduna an kafa shi a 1962, zamanin Sardauna, daga baya a 1978 aka haɗe shi cikin rediyon tarayya. Sashen Hausa na BBC kuwa tun 1957 yake. Sai Rima Radio ta Sakkwato, tun da a lokacin nan mu 'yan Jihar Sakkwato ne. Duk muna jin daɗinsu, amma dai daga nesa suke yi mana magana. Sai ka yi wata guda ba ka ji an ambaci Bunguɗu ko Tsafe ba, in kuwa an ambata, to wani abu ya faru. Da aka ba mu jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, sannan a hankali muka fara jin sunayen unguwanninmu suna fitowa daga cikin akwati: Sabon Gari, Samaru, Birnin Ruwa, Gada Biyu. Yaran yanzu ba za su gane daɗin wannan ba. Ni na gane.

Amma ranar da na san hakikanin darajar gidajen nan ita ce cikin Satumba 2021. A farkon watan aka katse layukan waya a duk faɗin jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana safarar dabbobi. Muka wayi gari wayoyinmu sun zama tocila da agogo. Ba kira, ba saƙo, ba WhatsApp, ba Facebook. Mai kawo mini shadda daga Kano ban san ko ya taso ba, masu ɗinki ba su da hanyar tambayar ko an gama, kuɗi ma ba sa shigowa ta waya. Wasu har sai sun bar jihar kafin su kira 'yan'uwansu su ce muna nan da rai.

A makonnin nan shagona ya koma majalisa. Maƙwabcina mai sayar da kayan babur, wanda a da yake ce mini rediyo kayan tsofaffi ne, shi ke riga kowa jawo benci in lokacin labarai ya yi. Wani dattijo da ke zama a ƙofar masallacinmu, kunnensa ya yi nauyi, kullum sai ya dogaro sanda ya zo ya tambaye ni, “Ɗana, mi sunka ce?” Ni kuma in tsayar da keke in mayar masa da abin da aka faɗa, a hankali. Ta rediyo muka san dokokin da aka sa da waɗanda aka sassauta. Ta nan mutane suke aika wa dangi saƙo: wane ya iso lafiya, wance ta sauka an sami ɗiya mace, an ɗaga ɗaurin auren wane. Shirye-shiryen da ake bugo waya kai tsaye sun mutu, tun da ba waya, sai aka koma yadda ake yi a da, mutum ya rubuta takarda ya kai da ƙafarsa. Ni ma na kai. Ƙanen mahaifiyata ya rasu a asibiti a nan Gusau, dangi kuwa suna warwatse tsakanin ƙauyenmu da Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Na rubuta sanarwa a takardar da nake rubuta awon mutane, na hau babur na kai. Ma'aikacin da ya karɓa ya karanta, ya tambaye ni yadda ake kiran sunan ƙauyen don kada ya faɗa ba daidai ba, ya yi mini ta'aziyya kamar ya san mamacin. Kafin sadakar uku, mutane sun zo daga wuraren da ban yi zaton labarin zai kai ba. Wata gwaggona ta ce ba ita ta ji ba, matar maƙwabcinsu ce ta ji tana tankaɗe, ta yafa gyale ta zo ta faɗa mata.

Ban manta wannan ba, kuma ba zan manta ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa na gyara, a ɗora shi a kan wannan.

Abin da gidajen nan suka fi ƙwarewa a kai shi ne abin da masu ilimi ke ganin ƙarami ne: sanarwa da cigiya. Cigiyar yaro, cigiyar akuya, cigiyar jaka mai takardun makaranta da aka mance a cikin Keke Napep. Akwai ranar da wata yarinya 'yar shekara huɗu ta biyo masu tallan gyaɗa ta ɓace, ta tsaya tana kuka a bakin shagonmu. Ba ta san sunan unguwarsu ba, sunan babanta kawai ta sani, shi ma “Baba”. Muka ba ta ruwa da biskit, muka kai ta gidan mai unguwa. Bayan la'asar sai ga cigiya a rediyo, an faɗi launin rigarta da kitson da ke kanta. Yaron shagona ya tashi tsaye ya ce, “Maigida, wallahi ita ce!” Kafin magariba tana hannun uwarta. Ba wata manhaja da za ta yi wannan a garin da yawancin iyaye mata ba sa karatun boko, wayar hannunsu kuma ƙaramar nan ce mai maɓalli.

Sai fannin lafiya. Jiharmu ta ga jarabawa. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙa su inda yara ke wasa. A 2017 sanƙarau ya yi mana ɓarna, mu ne ma jihar da ya fi tsananta a cikinta. Amai da gudawa kuwa kusan duk damina sai ya leƙo. A irin waɗannan lokuta likita ya zo ya zauna a gaban makirufo ya yi bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane ya fi allon talla ɗari. Uwargidana a rediyo ta koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, a rediyo ta ji cewa in yaro ya sanƙare wuya ga zazzaɓi, ba a tsaya shafa magani, asibiti ake nufa. Shirin da na fi so shi ne wanda mai gabatarwa ba ya jin kunyar tsayar da likita ya ce, “Likita, wannan kalmar Turanci ce, fassara mana.” Duk wanda ke yin haka ina yi masa addu'a.

Filin manoma ma haka. Taken jiharmu kansa kan noma yake, kuma ko mu da ke birni kowa na da ɗan fegin da yake taɓawa. Ina jin daɗi in an kawo malamin gona ya yi maganar hasashen damina, ko irin da ke nuna da wuri, ko tsutsar da ke cin masara, ko yadda za a adana wake ba tare da an zuba masa maganin da zai cuci mai ci ba. Abin da nake so a ƙara shi ne farashi. A riƙa faɗa mana kowane mako nawa buhun gero da dawa da waken suya a Gusau, nawa a Mafara, nawa a Shinkafi. Manomin da ya san farashi ba a yi masa sayen wulaƙanci a bakin gona.

Wani abin da ba a cika yaba musu a kai ba shi ne harshe. In ka murɗa tashoshin waje za ka ji Hausa mai kyau, daidaitacciya, amma ba irin wadda Inna ke yi ba. A tashoshinmu kuwa sai ka ji mai gabatarwa ya saki baki ya ce “munka”, “anka”, “wanga”, “lahiya lau”, mai bugo waya daga Maru ko Zurmi ya amsa masa da irin tasa ba tare da ya ji ana yi masa kallon baƙauye ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaranmu na tashi da Hausar fina-finai da ta intanet, har wani na jin nauyin yin maganar kakanninsa a gaban baƙi. Ya kamata a ce akwai wuri ɗaya da zai ji ana labarai da wa'azi da muhawara da harshen gidansu. Da azumi kuwa ba a magana: tafsiri daga masallatai daban-daban, mata na aikin buɗa-baki suna saurare, mu kuma muna ɗinkin sallah har sahur, rediyon ne abokin hira.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba zan kama sunan tasha a nan ba, don ba tozarci ya kawo ni ba.

Na farko, ɗaukewa. Sau da yawa ana tsakiyar shiri sai ka ji ɗif, sai shuuu. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci sai gobe. Akwai lokacin da ɗaya daga cikinsu ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba, da ta dawo kuma ba wanda ya ce mana ga abin da ya faru, aka ci gaba kamar jiya aka rabu. Na san dalili, don ni ma da inji nake aiki in an ɗauke wuta. Na'urar watsa shirye-shirye tana shan wuta ba kaɗan ba, man dizal ya yi tsada, kayan gyara kuma daga waje ake sayo su da dala. Amma mai sauraro yana da haƙƙin a ba shi haƙuri. Kuma tashar da ba ka da tabbacin za ka same ta, a hankali hannu ke daina murɗowa wurinta. Rana ga ta nan Allah ya hore mana har ta yi yawa; in masu shagon caji sun iya sa sola, ban ga abin da zai hana a yi wa gidan rediyo babba ba.

Na biyu, nisan zango, kuma wannan ya fi ci mini rai. FM sautinta garau, amma tafiyarta miƙe take, kamar hasken tocila: iyakar inda tsawon eriya da ƙarfin na'ura suka kai, nan ta tsaya, dutse ko tudu na iya tare ta. Matsakaicin zango da gajeren zango, irin waɗanda Baba ke kamawa, sautinsu da hayaniya amma suna cin nisa, musamman da dare, don sararin sama na maido da su ƙasa. Jiharmu ƙananan hukumomi 14 ce, kuma waɗanda suka fi bukatar rediyo ba mu ne na Gusau ba. Mutanen ƙauyukan da hanya ta yi wuyar bi ne, waɗanda malamin gona da ma'aikacin lafiya suka daina zuwa wurinsu saboda tsaro. Na kai wa Inna rediyo a ƙauye, ƙarama mai caji da rana. Da safe tana kamawa in an ɗaura wa eriyar waya an rataya a reshen darbejiya, da rana kuwa sai ta ɓace. Ta ce mini, “Ɗan nan, ta Landan ta hi ta Gusau kusa.” Na rasa amsar da zan ba ta.

Na uku shi ne labarai, kuma a nan zan daɗe kaɗan. Duk wanda ke sauraron rediyon gwamnati a ƙasar nan, ba a jiharmu kaɗai ba, ya san tsarin: mai girma ya ce, mai girma ya karɓi baƙi, uwargidan mai girma ta raba kaya, kwamishina ya yaba. Kafin a zo kan abin da ya hana mutane barci jiya, lokaci ya ƙare. An sha kai hari a wani gari, masu gudun hijira sun shigo Gusau muna ganinsu da idonmu da ƙullin kaya a ka, amma sai mun jira tashar waje da yamma kafin mu ji adadi da sunan garin. Na san akwai hikima a kauce wa tayar da hankali, na kuma san ba kowane zance ake yaɗawa ba a lokacin da jami'an tsaro ke aiki. Amma shiru ba ya kashe labari, jita-jita yake haifarwa. In tashar da ke da wakili a garin ba ta faɗa ba, wani zai faɗa a WhatsApp, ya ninka adadin sau uku, ya haɗa da hoton wata ƙasa.

Ba na ɗora wa ma'aikatan laifi. Da yawansu ƙwararru ne, kana ji ka san sun san aikin; ai tashoshi masu zaman kansu da na ƙasashen waje ma daga irin gidajen nan suke ɗibar ma'aikata. Matsalar daga inda abinci ke fitowa take, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Albashi daga gwamnati, man inji daga gwamnati, naɗin shugaba daga gwamnati. A Ingila jama'a ke biyan kuɗin lasisi da ake riƙe BBC da shi. A Amurka, tashoshin jama'a na birane suna samun kaso mai yawa na kuɗinsu daga gudummawar masu saurare. Mu ma kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, ya kuma ce a sashe na 22 kafofin labarai su tsaya kan ganin gwamnati na ba jama'a bahasin ayyukanta. Kuɗin da gwamnati ke biyan albashin nan da shi kuwa ba na aljihun kowa ba ne, namu ne. Shi ya sa ni a raina ban ɗauke su rediyon gwamna ko na shugaban ƙasa ba. Rediyonmu ne da aka ba su riƙo.

Abin da ya faru a Oktoba 2022 ya isa misali. Gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu kafofin labarai, ciki har da Pride FM da NTA na Gusau, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa a lokacin da aka dakatar da tarukan siyasa. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992 kuma ita ke da ikon ba da lasisi da karɓewa, ta ce jiha ba ta da wannan hurumi, daga baya gwamnatin ta nemi afuwa. Ba maganar jam'iyya nake ba, don kujera juyawa take, wanda ke sama yau gobe shi ne ɗan adawa. Abin da na riƙe daga lamarin shi ne, ashe akwai masu ɗaukar na'ura su je inda ba a so su je. Na ƙara ganin girmansu tun daga ranar.

Akwai kuma filayen da ake saya. Na fahimci dole a nemi kuɗin shiga, amma mai maganin gargajiya da zai yi rabin awa yana cewa ƙullinsa ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa bai kamata ya biyo bayan shirin likita a tasha ɗaya ba. Tsohuwar da ke saurare ba ta san wannan saye aka yi, wancan kuwa ilimi ne ba. A wurinta duk “rediyo ta ce”. Haka sojojin baka na 'yan siyasa da ke sayen fili su yi ta zage-zage. Tashar kasuwa ta yi, wannan lissafinta ne. Ta jama'a kuwa a tace.

Sai wata damuwa da ke zuwa mini duk lokacin da aka sa tsohuwar waƙa. Ƙasar nan ta makaɗa ce: na fada, na noma, na maza, daga Maradun da Bakura da Zurmi da Kanoma. Wasu waƙoƙin da hirarrakin dattawan da suka san tarihin Zamfara a kan tsofaffin faya-fayai da kaset suke, kaset kuwa zafi da ƙura na cinye shi. In ba a juye su a kwamfuta ba, wata rana za a neme su a rasa. Ga jami'ar tarayya a garin nan tun 2013, ga ɗalibai masu neman abin bincike. A haɗa hannu mana.

Tashoshi masu zaman kansu sun shigo, kuma sun motsa kasuwa. Sun fi zafi, sun fi barin mutane su yi ƙorafi, matasa sun fi son su. Ina murɗa su, ba zan ɓoye ba. Da yamma kuma ina komawa tashoshin waje don jin duniya. Amma in na lissafa awannin yini, na gwamnatin ne suka fi daɗewa a kunnena, don su ne ke da haƙurin ba malamin gona rabin awa ba tare da an katse shi da tallar lemo ba, su ne kuma ke karanta sanarwar talaka da ladabi ɗaya da ta mai kuɗi. Duk wanda ya zo Gusau da zama ya tambaye ni, zan ce ya nemi ƙaramar rediyo mai caji ya ajiye, ya riƙa buɗe su da safe da kuma bayan la'asar. Cikin mako biyu zai san garin fiye da wanda ya shekara yana latsa waya.

Ƙaramin yaron shagona, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, bai taɓa mallakar akwatin rediyo ba. Kwanan baya na gan shi a bakin teburin guga ya soka wayar kunne a 'yar ƙaramar wayarsa, ya bar igiyar na reto. Na ce, “Kai, waƙa kake ji ana aiki?” Ya ce, “A'a Maigida, igiyar ita ce eriya, ba ta cin data. Innarmu ta ce in saurara mata, yau za a faɗi ranar da masu rigakafi za su zo unguwarmu.” Na ce ya cire ta daga kunne, na miƙa hannu na ƙara muryar ta saman taga, muka rage gudun kekuna har aka karanto unguwarsu.